Waiwaye: Daga "namiji ko mace" zuwa "A ko B"

Har yanzu ƙurar da ta tashi a Nuwamban 2024 ba ta gama lafawa ba. A watan ne aka sake fitar da wasan bidiyo na Dragon Quest III, kuma a allon zaɓen jarumi, inda aka saba ganin namiji da mace tun 1988, sai aka tarar da siffar A da siffar B. Masu fushi, waɗanda ke ganin ra'ayi ne ya kawo sauyin, na magana kamar jiya aka fara wannan abu, alhali wasan Elden Ring ya yi hakan a 2022.

Tarihin farko sananne ne. Dokokin wasan tebur na Dungeons & Dragons na 1978 sun ƙayyade ƙarfin mace ƙasa da na namiji, aka cire wannan a 1989. Wasan Ultima III na 1983 ma yana da zaɓi na uku, bayan namiji da mace. Pokémon bai ba da damar yin wasa da yarinya ba sai a 2000.

A duk wannan zamani zaɓin ba ya cin kuɗi. Rubutu ne kawai: kwamfuta ta cire "shi" ta sa "ita", an gama.

Inda lissafi ya sauya shi ne ranar da jarumi ya buɗe baki. A Mass Effect na 2007, sai da Mark Meer da Jennifer Hale suka naɗi maganganun Shepard, jarumin wasan, kowa da nasa, jimla bayan jimla. A Fallout 4 na 2015, kowanne daga cikin masu muryar biyu ya naɗi jimloli sama da 13,000. Ga kuma sauran mutanen cikin wasan, waɗanda dole a naɗi bakinsu sau biyu duk inda suka ambaci jinsin jarumi. Shi ya sa marubuta suka koyi zillewa: a Mass Effect kowa "Shepard" ko "Kwamanda" yake kira, ba mai furta sunan da ka zaɓa. Masu fassara zuwa Faransanci da Sifaniyanci sun fi shan wuya, kuma duk mai cewa "ka zo" da "ki zo" ya san dalili.

Tun daga nan jinsi ya tsage gida uku a cikin na'ura: jiki a fayil ɗaya, murya a wani, kalmar kira a na uku. Abin da aka riga aka raba a ɗakin aiki, fito da shi kan allo ba wuya. Ra'ayi ya taka rawarsa, ban musa ba, amma a ganina hanya ya tarar an share masa. A Cyberpunk 2077 na 2020, ko wane jiki ka ɗauka, muryar da ka zaɓa wa jarumin wasan, V, ce ke yanke ko mutanen gari za su ce "shi" ko "ita".