Haikalin Jagannath na Puri

Haikalin Jagannath wurin bauta ne na mabiya addinin Hindu da ke birnin Puri, a jihar Odisha ta gabashin Indiya, bakin Tekun Bengal. Yana cikin wurare huɗu masu tsarki da ake kira Char Dham, waɗanda Hindu ke burin ziyarta kafin ya bar duniya. Sauran ukun su ne Badrinath, Dwarka da Rameswaram. Ma'anar Jagannath a harshen Sanskirit "mai mulkin duniya", kuma masu bautarsa na ɗaukarsa wata siffa ce ta Vishnu ko Krishna, waɗanda ke cikin manyan abubuwan bautar Hindu.

Sarki Anantavarman Chodaganga na daular Ganga ta Gabas ne ya soma ginin da ake gani yau a ƙarni na 12. Hasumiyarsa ta kai kimanin mita 65. A 1568 Kalapahad, kwamandan sojan sarkin Bengal Sulaiman Karrani, ya kai wa haikalin hari, daga baya Sarki Ramachandra Deva na Khurda ya maido da bautar. Yanzu wani kwamiti ne ke tafiyar da shi a ƙarƙashin dokar jihar ta 1955.

Abin da ya bambanta Puri da yawancin manyan haikalan Indiya shi ne gumakansa. A wasu wuraren da dutse ko ƙarfe ake yin su, a nan kuwa da icen darbejiya ake sassaƙa Jagannath da yayansa Balabhadra da ƙanwarsu Subhadra. Jagannath baƙi ne, da manyan idanu zagayayyu, ba ƙafafu, hannayensa kamar dungu. Masana da dama na danganta wannan siffa da bautar ƙabilar Sabara ta dā, kuma har yau masu hidimar da ake kira Daitapati suna cewa su jikokin Sabara ne.

Ice kuwa yana tsufa, don haka ake sabunta gumakan a bikin Nabakalebara, wato "sabon jiki". Ana yin sa ne a shekarar da watan Ashadha ya zo sau biyu a kalandarsu, bayan shekara 8, 12 ko 19. An yi a 1996, aka sake a 2015. Cikin dare ake kashe wutar garin, a ɗaure wa mai aikin idanu, a naɗe masa hannu da ƙyalle, ya ciro wani ɓoyayyen abu daga tsohon gunki ya sa a sabo. Tsofaffin a binne su a cikin harabar, Daitapati su yi zaman makoki har da aske kai, kamar an yi musu rasuwa a gida.

Wanda ba Hindu ba ba ya shiga haikalin. Ko Indira Gandhi, tana firaminista, an hana ta a 1984 saboda ta auri Baparsi, wato mabiyin addinin Zoroaster, ba Hindu ba. Wannan ne ya ƙara wa bikin Rath Yatra na watan Yuni ko Yuli daraja, domin ranar ce kowa ke iya ganin gumakan a fili. Kafin nan ana yi musu wanka da tulu 108, sai a ce zazzaɓi ya kama su, a killace su kusan mako biyu. Ranar fita, dubban mutane ke jan manyan karusai uku na katako da igiyoyi zuwa haikalin Gundicha, tafiyar kusan kilomita 3. Ta Jagannath ƙafa 16 gare ta, ta Balabhadra 14, ta Subhadra 12, kuma sababbi ake ƙerawa duk shekara. Kafin su motsa, sarkin Puri mai sarautar Gajapati yakan hau ya share su da tsintsiya mai mariƙin zinariya. Daga waɗannan karusai ne Turawan Ingila suka samo kalmarsu "juggernaut", wato abin da ba ya tsayuwa in ya taso.

Madafar haikalin na cikin mafi girma a Indiya. A tukwanen ƙasa ake girki, kan wutar itace, a miƙa wa gumakan, sannan a sayar wa maziyarta a kasuwar Ananda Bazar da ke cikin harabar.