Gerund da present participle: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Ba duka biyun da -ing suke ƙarewa ba?

Eh. Siffarsu ɗaya, aikinsu daban.

Malam, me ya sa aka soke mini "I look forward to see you"?

Domin kuskure ne, kuma kullum sai na gan shi a wasiƙunku. Wannan "to" ɗin irin na "I went to Kano" ne, suna yake so a bayansa. Sai ka rubuta "to seeing you". Haka ma "I am used to waking early". Ku daina hasarar maki a kan wannan, don Allah.

To wanne ne wanne?

Gerund aikin suna yake yi: "Swimming is hard." Participle kuwa ko ya siffanta suna, kamar "a crying baby", ko ya bi is, was, are: "She is crying." Kada ka firgita, Bahaushe ma yakan ce "gudu da wuya" ya kuma ce "yana gudu".

Yaya zan gane a ɗakin jarrabawa?

Cire kalmar, ka sa "it". In jimlar ta zauna, gerund ne.

"I don't like him coming late" ko "his coming late"?

Nan sai a bi a hankali. A tsohuwar ƙa'ida, tunda "coming" yana aikin suna, na mallaka ake sa masa a gaba: his, my, their. Amma su kansu Turawan Ingila da Amurka a hira "him coming" suka fi faɗa, kuma ba wanda zai ɗaga musu gira. Wani lokaci ma na mallakar yakan yi nauyi a baki, musamman in sunan dogo ne ko kuwa ba na mutum ba: "the car breaking down" ta fi daɗin faɗa. Shawarata, a takardar WAEC ko JAMB, ko wasiƙar neman aiki, ka ɗauki "his". Sai dai ka lura da "I saw him coming". A nan shi mutumin ka gani yana tahowa, saboda haka participle ne, "his" ba ta da wuri ko kaɗan.

Me ya haɗa su siffa ɗaya tun farko?

A tsohon Ingilishi participle da -ende yake ƙarewa, sunan aiki kuma da -ung ko -ing. Daga baya suka haɗe. Har babban nahawun Cambridge na 2002 ya game su da suna guda. Ku dai har yanzu a rarrabe ake tambayarku, a rarrabe za ku koya.