Kayan kiwon ƙadangare: tambayoyin da na gaji da amsawa

Ga amsoshin wuri guda, duk mai tambaya ya fara karanta nan. Maganar ta fi shafar nau'i biyu da suka fi yawa a hannun masu kiwo: ƙadangare mai gemu na tsakiyar Ostireliya, da tsaka mai zanen damisa ta yankin Afganistan da Pakistan.

Mene ne terariyam?

Akwatin da dabbar ke zama ciki, na gilashi ko katako ko roba, mai ramukan shan iska. Shi ke nan. Babban mai gemu yana bukatar tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60. Tankin kifin da ka samu a gwanjo bai isa ba.

Zan iya haɗa biyu a akwati ɗaya?

A'a. Maza biyu za su ciji juna. Ko babu cizo, mai ƙarfi zai mamaye wurin ɗumi da abinci, ɗayan ya rame kana kallo.

Fitilar zafi da fitilar UVB ba abu ɗaya ba ne?

Wannan ruɗanin yana kashe dabbobin nan da yawa. Fitilar zafi, wadda galibi halojin ce, ita ke ɗumama wurin shan hantsi. Ta UVB ba ta ba da zafin kirki, aikinta fitar da hasken da fata ke haɗa bitamin D3 da shi, wanda in babu shi jiki ba ya iya jan kalsiyam daga abinci. Ka jera su gefe ɗaya, don dabbar ta samu duka biyun a zama guda. Ɗaya gefen a bar shi da sanyi da wurin ɓuya. Mai gemu yana son saman dutsen shan hantsi ya kai digiri 40 zuwa 42, gefen sanyi kuma wajen 25 zuwa 28. Tsakar damisa 30 zuwa 32 ya ishe ta a gefen ɗumi.

Dutsen nan mai wayar lantarki fa?

Jefar da shi. Yana ƙona musu ciki, kuma ba sa tashi a kai sai fata ta soye.

Tamostat dole ne?

Dole. Na'ura ce da ke daidaita zafi don kada ya wuce kima, kuma kowane abu mai fitar da zafi sai an haɗa shi da ita. Fitila tana son mai rage wuta a hankali, tabarmar ɗumi kuma mai kunnawa da kashewa ya wadatar. Ka kuma sayi ma'aunin zafi mai waya, da ɗan bindigar nan da ake haska wuri a ga zafinsa. Mai allura da ake mannawa a bango iskar gefen gilashi kawai yake aunawa, ya bar ka cikin duhu game da dutsen da dabbar ke kwanciya.

Ga rana Allah ya ba mu kyauta, me zai sa in sayi fitilar UVB?

Tambayar tana da ma'ana, amma amsarta ba e ko a'a ba ce. Gaskiya ne babu fitilar da ta kamo rana. Matsalar yadda za ka kai dabbar ga ranar ne. Na farko, gilashin taga yana tare kusan dukkan UVB, don haka ajiye akwati a bakin taga zafi kawai zai tara. Na biyu, kada ka taɓa fitar da akwatin gilashi tsakar gida. A watan Afrilu, inda inuwa ma ke haura digiri 40, cikin ɗan lokaci akwatin zai kashe abin da ke ciki.

In za a yi, sai da keji na raga mai manyan idanu, rabinsa a inuwa, da ruwa a ciki, da hantsi ko bayan la'asar, kuma kana tsaye a kai saboda mage da shaho. Wannan zai iya isar mai gemu idan kusan kullum ake yi. Idan sai ranar da ka tuna ne, ko damina ta rufe sama, ko ƙurar hunturu ta dushe ranar, to ba zan ce maka ya isa ba. Tsakar damisa kuwa da magariba da asuba take fita, kada ka shanya ta, UVB mai rauni take bukata.

Shawarata ka sa fitilar, fitar da shi rana ta zama ƙari. Ga mai gemu, ka nemi doguwar siririyar fitilar UVB da ake kira T5, kamar Arcadia mai kashi 12 ko ReptiSun 10.0, wadda tsawonta ya kai rabin akwatin. Nisa kuma ya danganta. In babu raga tsakani, wajen santimita 35 zuwa 40 daga bayan dabbar. In a kan raga ka ɗora ta, raga na cinye wani kaso, sai ka ɗan matso, gwargwadon ƙanƙantar idanunta. Mai ƙyalli a bayan fitilar ma yana canza lissafi. Duba jadawalin kamfanin, in kuma kana da halin sayen na'urar Solarmeter 6.5 mai auna ƙarfin hasken UV, ka nemi ta nuna 3 zuwa 4 ko ɗan sama a wurin shan hantsi. Awa 12 a kunne, awa 12 a kashe.

Fitilar tana haske har yanzu, sai na canza?

Hasken da kake gani ba shi ne UVB ba. T5 a canza ta bayan shekara guda, T8 kuma, wadda ta fi ta kauri, bayan wata 6. Rubuta ranar da ka saka ta a jikinta.

An ɗauke wuta, zai mutu?

Kwantar da hankalinka. Dare ɗaya a digiri 18 ba ya yi masa komai. Ka dai dakatar da abinci har ɗumi ya dawo, don ba ya narkar da shi cikin sanyi. In hunturu ne, rufa bargo a kan akwatin ka bar ramukan iska. Ban da gawayi, ban da kyandir. Jar fitilar dare ma ba a bukatarta, tana hana shi barci.

Yashi zan zuba a ƙasa?

Ga ƙarami, takarda ko tayil. Yashin kalsiyam da ake sayarwa a leda kada ka kusance shi, suna lasa ya dunƙule a hanji. Toshewar hanji ta fi kama wanda ɗuminsa bai isa ba ko ruwa ya yi masa ƙaranci, don haka gyara waɗannan tukuna kafin ka yi tunanin haɗin ƙasa da yashi ga babba.

Garin nan fari na mene ne?

Kalsiyam. Gyare da tsutsa fosfarasu ya fi yawa a jikinsu, shi ya sa ake zuba su a leda da ɗan garin a girgiza kafin a ba shi. Ka kuma ciyar da ƙwarin da ganye da karas kwana ɗaya ko biyu kafin nan. Wanda ya yi sakaci zai ga muƙamuƙi ya yi laushi, ƙafafu na rawa, baya ya karkace. Wannan ciwon ƙashi ne, likitan dabbobi za ka nufa, ba ni za ka turo wa hoto ba. Kada ƙwaro ya fi faɗin tsakanin idanunsa. Soyayyar fara mai yaji taka ce, kuma ɗanyar gona ba ka san feshin da ta sha ba.

Yana saɓa, in ɓare masa?

Cire hannunka. Tsakar damisa ka ajiye mata ƙaramin mazubi mai murfi da ƙofa, da jiƙaƙƙiyar takarda a ciki. Bayan saɓar ka duba yatsu da ƙarshen wutsiya, don fatar da ta maƙale tana shaƙe jini har yatsa ya gutsure. In ta maƙale, jiƙa da ruwa mai ɗumi ka shafa a hankali da auduga.

Na kamo damo a daji, waɗannan kayan za su yi masa?

Ba za su yi ba. Yana kusan mita guda, yana haƙa rami, kuma zafin da yake so ya wuce na mai gemu nesa. Mayar da shi inda ka ɗauko. Kuma kowane iri ka taɓa, wanke hannu da sabulu, saboda suna ɗauke da ƙwayar salmonela, yara ƙanana ne ta fi kayarwa.