Tarin Fuka na Ƙoda: Tibin da Ba Ya Sa Tari

Sunan ne ke fara rikita mutane. Likita ya ce wa mara lafiya yana da tarin fuka, shi kuwa ya san bai yi tari ko sau ɗaya ba, sai ya ɗauka an yi kuskure a gwaji. Ba a yi ba. Ƙwayar cutar da likitan Jamus Robert Koch ya gano a 1882 ta huhu take shiga, amma ba a nan kaɗai take zama ba. Tana iya bin jini ta sauka a ƙoda, ta yi kwance shekaru goma ko fiye, sai ranar da garkuwar jiki ta yi rauni, ta dalilin ciwon suga ko ƙanjamau ko tsufa, sannan ta farka. Wannan shi ake kira tarin fuka na ƙoda. Daga can yakan gangara bututun fitsari zuwa mafitsara, har ma ya taɓa haihuwa.

Alamunsa ba su da wata kama ta daban: yawan fitsari dare da rana, zafi wajen yinsa, ciwon kwiɓi, wani lokaci jini. A Sakkwato duk wannan sunansa ɗaya, ciwon sanyi. In kuma jini ne, musamman ga mai noma a fadamar Rima, sai a ce tsargiya. Haka mutum zai yi ta zarya kyamis, ya sha wannan kafso ya sha wancan, sauƙin kwana biyu ciwon ya dawo.

Abin da ke sa likita ya tsargu shi ne a ga mugunya a fitsari amma gwajin da aka saba bai nuna ƙwayar cuta ba. Daga nan sai a karɓi fitsarin farko na asuba, kwana uku a jere, don ƙwayar ba kullum take fitowa ba. Na'urar GeneXpert, wadda ke gano ƙwayar tibi, tana ba da sakamako cikin sa'o'i, renon ƙwayar a ɗakin gwaji kuwa yakan kai mako shida zuwa takwas. Ana haɗawa da hoton ƙoda da na ƙirji da gwajin ƙanjamau. Irin wannan bincike aikin babban asibiti ne, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Maganin shi ne dai na tibin huhu, kuma kyauta ake ba da shi a cibiyoyin DOTS, wato wuraren ba da maganin tibi ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya. Wata shida ne: wata 2 na farko rifampicin da isoniazid da pyrazinamide da ethambutol, sauran wata 4 kuma rifampicin da isoniazid kawai. Rifampicin na mai da fitsari ja-ja kamar ruwan goro, kuma wanda da ma jini ya kawo shi asibiti sai ya firgita ya ajiye maganin. Launi ne kawai. Abin da ya kamata a garzaya asibiti a kansa shi ne idanu su yi rawaya ko gani ya fara dusashewa.

Ko ana kan magani, tabon warkewa na iya matse bututun fitsari ya toshe ƙodar, shi ya sa ake sake hoto. In ya matse sai a sa ɗan siririn bututu ya buɗe hanya. Ƙodar da ta riga ta mutu kuwa wani lokaci cire ta ake yi, ɗayar ta ci gaba da aiki.