Me ya sa sauro ke bin wani ya ƙyale wani?

Mu huɗu muke kwana a tsakar gida a Birni, ni kaɗai nake tashi da kumburin cizo. Jinina ne ya fi daɗi?

Haka ake faɗa a Damagaram, amma sauro bai ɗanɗana jininka ba kafin ya sauka. Macen sauro, don ita ce mai cizo, numfashinka take bi tun daga nesa, sai warin fata, sai ɗumin jiki. Gumi shi kaɗai ba ya wari sosai. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a fatar kowa su ke cin gumi da maiƙon jiki su fitar da warin. A 2011 masu bincike a Wageningen ta ƙasar Holan suka gano cewa sauron palu, wato zazzaɓin cizon sauro, ya fi bin wanda ƙwayoyin fatarsa suke da yawa amma iri kaɗan.

Ke nan ƙazanta ce?

A'a, kuma kada a goranta wa kowa. Binciken jami'ar Rockefeller ta Amurka na 2022 ya nuna wanda sauro ke bi a bana shi zai bi a baɗi, saboda wasu sinadaran maiƙo da fatarsa ke fitarwa fiye da ta wasu. Wanke ƙafa da sabulu kafin kwanciya yana rage warin ƙafa da sauron palu ke so, amma warin yana dawowa.

Wa ya fi shiga haɗari?

Nan ne abin ya fi damuna. A Gambiya, a 2000, an ga mai ciki tana jawo sauro ninki biyu na wadda ba ta da ciki. A Kenya kuma, yaron da ke ɗauke da ƙwayar palu a matakin da take yaɗuwa ya fi jawo sauro, sauron ya ɗauka ya kai wa na kusa da shi. Daga Yuli zuwa Oktoba, sa'ad da tafkunan gari suka cika, idan sange ɗaya ne a gida, na mai ciki ne da ƙananan yara, ko da maigida ne ke kukan cizo. Maganin rigakafin damina da ake bin gida-gida ana bai wa 'yan ƙasa da shekara 5, kada a tsallake ko wata ɗaya.

Za a iya sauya ƙwayoyin fatar don sauro ya guje mu?

A 2024 an gwada a Kaliforniya, sauro ya rage kusantar fatar har tsawon kwana 11. A jikin ɓeraye ne dai, ba a kai ga mutum ba tukuna.