Tace ƙagaggen labarin matasa kafin neman wakilin marubuta

Tace labari shi ne aikin da marubuci yake yi bayan ya kammala daftarin farko, inda yake komawa kan rubutunsa ya gyara zubi da tsari, jigo, taurari da harshe, kafin ya miƙa shi ga wanda zai nema masa kamfanin ɗab'i. A Amurka da Ingila yawancin manyan kamfanoni ba sa karɓar littafi kai tsaye daga marubuci sai ta hannun wakili, wanda bisa al'ada ladansa kashi 15 cikin ɗari ne na abin da littafin ya samu a cikin gida, kashi 20 kuma a ƙasashen waje. Wakilin kirki ba ya neman ko sisi kafin a sayar da littafi, kuma da wuya ya sake duba rubutun da ya riga ya ƙi, shi ya sa gaggawar aikawa take jawo asara.

A ƙasar Hausa, da can edita ne yake ɗaukar wannan nauyi. A Zariya, Hukumar Talifi a ƙarƙashin Rupert East, wani Bature jami'in ilimi, ta shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933, kuma East da kansa ya zauna da marubuta irin su Abubakar Imam suna gyaran rubutun da aka yi domin 'yan makaranta. Kamfanin Gaskiya, da aka kafa a 1945, da kamfanin ɗab'i na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company), da ya biyo baya a 1966, sun ci gaba da wannan tsari. Yau marubucin da ke Samaru ko Tudun Wada, in yana son littafinsa ya tsallaka teku, da Turanci ya rubuta shi ko fassara shi aka yi, shi zai zama editan kansa na farko.

Masu sana'ar suna fara da ajiye daftarin na wasu makonni har ido ya huta, sannan a karanta shi daga farko zuwa ƙarshe ba tare da taɓa ko kalma ɗaya ba. Gyaran farko na ginin labari ne, domin ba a shafe bangon da za a rushe gobe. A nan ake tambaya ko babin farko ya fara inda rikici ya fara, ko kuwa ya ɓata shafuka goma wajen lissafa dangin tauraro. A nan kuma ake gano aibin da ya fi yawa a labaran matasa, wato babba ya zo a ƙarshe ya warware matsalar. Idan yarinyar da labarin yake kanta ta ɓata a Kasuwar Sabon Gari, dabararta ce ya kamata ta fisshe ta, ba isowar kawunta ba. Haka nan dogon wa'azi a bakin malami ko kaka yana kashe labari, ko da darasin mai kyau ne. Yaro yana gane nasiha daga abin da ya faru da tauraro.

Shekarun mai karatu ma suna da hukunci. Kasuwar littattafai ta raba 'yan shekara 8 zuwa 12 da matasa masu shekara 12 zuwa 18, kuma wannan rabo yana shafar tsawon littafi da shekarun tauraro da nauyin abin da za a tattauna.

Sai ginin ya tsaya ake komawa kan jimla. Karanta hirar taurari da babbar murya yana tona inda ɗan shekara goma sha uku yake magana kamar lakcara. Daga nan a ba wa masu karatun gwaji, musamman yaran da aka yi littafin dominsu, a lura da shafin da suka ajiye shi. Ƙa'idojin rubutu, kamar ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ da rabon kalmomi, su ne na ƙarshe. Abin da ake aika wa wakili yawanci gajeriyar wasiƙar gabatarwa ce da taƙaitaccen labarin har da yadda ya ƙare, tare da shafukan farko gwargwadon abin da shi wakilin ya nema.