Waiwaye: Rubuce-rubucen sirri da suka gagari masana

Duk bayan 'yan shekaru sai labari ya ɓulla a intanet cewa an warware littafin Voynich, wani tsohon littafi da aka rubuta da hannu cikin haruffan da ba a san su ba, matasanmu a nan Bauchi su yi ta tura wa juna a WhatsApp. A 2018 wani malamin jami'a a Kanada ya ce kwamfuta ta nuna masa Ibrananci ne. A 2019 wani daga Jami'ar Bristol ta Ingila ya ce tsohon harshe ne dangin Latin, amma cikin 'yan kwanaki jami'ar ta zame jikinta daga maganar. Har yau babu wanda ya karanta ko layi guda a hanyar da masana suka amince da ita.

Ilimin fasa rubutun sirri ya girmi littafin nesa ba kusa ba. Tun ƙarni na 9 Al-Kindi ya rubuta risala a kansa a Bagadaza. Ya lura cewa a kowane harshe akwai haruffan da suka fi saura yawan fitowa, kamar alif da lam a Larabci. Don haka ko an musanya haruffa da wasu alamomi, in ka ƙidaya alamomin, wadda ta fi yawa za ta tona asirin kanta. Sai dai dabarar tana buƙatar rubutu mai tsawo, da kuma sanin harshen da ke ƙarƙashi.

Mu ma ba baƙi ba ne a harkar. Malaman zaure a cikin garin Bauchi sun san ramzi, inda mai waƙar ajami ke ɓoye shekarar da ya gama waƙarsa cikin kalma guda. Kowane harafi da adadinsa: a hisabin da muka gada daga ƙasashen Magrib na Arewacin Afirka, shin 1000 ne, ra 200, kaf 20, wato haɗuwarsu shekara ta 1220 ke nan ta Hijira. Wanda ya zo da lissafin ƙasashen gabas, inda shin yake 300, sai ya yi ɓatan kai da shekara 700. Amma in mabuɗin ya zama ɗaya, malami a Bauchi da malami a Gombe amsa ɗaya za su fitar ba tare da sun ga juna ba. A ganina wannan ne ma'aunin da ya kamata a ɗora duk mai cewa ya warware wani sirri a kai.

A nan ne masu da'awar Voynich ke faɗuwa. Littafin yana da shafi wajen 240, an rubuta shi a kan fata daga hagu zuwa dama, da zanen tsirran da ba a iya tantance yawancinsu ba, da taurari, da mata suna wanka cikin koren ruwa. Wata wasiƙa da aka samu a cikinsa, wadda wani masani a birnin Prague, Johannes Marci, ya aika wa masani Athanasius Kircher a Rum wajen 1665, ta ce an ji cewa Sarki Rudolf na biyu, mai mulkin Daular Rum Mai Tsarki a Turai, ya taɓa sayensa a kan kuɗin zinare 600. Daga nan ya yi ɓatan dabo, sai a 1912 da dillalin littattafai Wilfrid Voynich ya saye shi daga hannun limaman Katolika a Italiya. A 1921 Farfesa William Newbold ya shelanta cewa ya karanta shi, wai aikin Roger Bacon ne, wani masanin Ingila na ƙarni na 13. Bayan shekara goma John Manly ya nuna cewa ƙananan alamomin da Newbold ke karantawa tsagewar tawada ce kawai da ta bushe. William Friedman, wanda tawagarsa ta fasa sirrin diflomasiyyar Japan a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, ya shafe shekaru yana fama, ya haƙura. Tun 1969 littafin yana Jami'ar Yale ta Amurka, kuma gwajin da aka yi wa fatar a 2009 ya nuna tsakanin 1404 da 1438 aka same ta, abin da ya rufe bakin masu zargin Voynich da ƙirƙirarsa. Tsawo kam akwai shi, harshen ne babu wanda ya sani, in ma akwai harshe a ciki.

Wasu rubuce-rubucen sirrin kuma gajarta ce ta kare su. Takardar da mawaƙin Ingila Edward Elgar ya aika wa wata budurwa a 1897 alama 87 ce kacal. Sassaƙen Kryptos mai ɗauke da rubutun sirri, da aka kafa a hedikwatar hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA a 1990, an fasa sassansa uku, na huɗun mai harafi 97 ya ƙi fasuwa duk da alamun da wanda ya sassaƙa shi, Jim Sanborn, ya riƙa sakewa.

Ba a ce kwamfuta ba ta taɓuka komai ba. Saƙon makashin nan na Kalifoniya da ake kira Zodiac, mai alama 340, ya yi shekara 51 a rufe kafin wasu mutum uku daga Amurka da Ostareliya da Beljiyam su buɗe shi a Disambar 2020, hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, kuma ta tabbatar, domin duk wanda ya bi hanyarsu saƙo ɗaya yake samu. Amma wani ɗan guntun saƙo da makashin ya ce sunansa na ciki alama 13 ne, kuma sunaye barkatai suna iya shiga wannan gurbi daidai wa daida, shi ya sa har yau ba a tsayar da ko ɗaya ba.